Auna Kafin Ka Kwance: Nasiha Ga Mai Son Tada Injin Tsohuwar Mota a Gida

Ɗana, na samu labarin niyyarka ta sauke injin Peugeot 504 ɗin nan da ke ajiye a gidanku, ka kwance shi, ka sake haɗa shi da hannunka. Na yi murna da jin haka, Allah ya sa albarka. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta zube, ko motar Kwatano ta fi ƙarfin ma'aikaci, don haka wanda yake da tsohuwa a hannu gara ya riƙe ta da kyau. Da tsohuwar zuma ake magani. Tunda ka nemi shawarata, zan ba ka ita yadda na san ta, kuma duk abin da zan faɗa ya tattaru a magana ɗaya: kada ka yi aiki da kintace. Inji ba ya karɓar "ina jin" ko "kamar dai ya yi". Ka auna kafin ka buɗe, ka auna kafin ka saya, ka auna kafin ka ɗaure.

Fara da sanin abin da ke hannunka. A 1968 aka fito da 504 a Faransa. A 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri da ke Kaduna, aka kuma ci gaba da haɗa 504 a can shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina ƙera ta. Ita ce motar jami'an gwamnati a wani zamani, ita ce kuma ta cika tashoshin mota, tana jigila daga Kano zuwa Kaduna, Jos da Maiduguri, tana tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram. Amfanin wannan tarihi gare ka shi ne, har gobe akwai kayanta a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, akwai kuma dattawan makanikai da suka san ta ciki da waje. Injinta mai sauƙin fahimta ne: silinda huɗu, kusan lita biyu a mafi yawansu, kabireta, sarƙar taimin, babu kwamfuta. Sannan silindodinsa silib ne da ake zarewa a sa sababbi, ba a jikin bulok aka haƙa su ba. Wannan shi ya sa tada shi a gida abu ne mai yiwuwa.

Awo na farko, a tabbatar injin yana bukatar buɗewa. Da yawa sun sauke inji saboda hayaƙi, alhali matsalar tana cikin kabireta. Ka dubi launin hayaƙin da ke fita ta salansa. Baƙi yana nufin fetur ya yi yawa, wannan aikin kabireta ne ko matatar iska da ƙura ta toshe. Mai shuɗi-shuɗi yana nufin injin yana cin baƙin mai. Idan da safe kawai yake yi, ko bayan motar ta daɗe a tsaye tana aiki, to robobin bawul za a fara zargi, kuma gyaransu bai kai ga sauke inji ba. Idan kuwa yana ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur, to ringi ne. Fari mai kauri wanda ba ya wucewa bayan inji ya ɗau zafi, ga ruwan lagireto yana raguwa, ga baƙin mai ya dame ya yi fari-fari, wannan ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba.

Bayan ido, sai ma'auni. Ka ari ma'aunin kwamfireshan. Ka bar inji ya ɗau zafi, ka cire filogi duka huɗu, ka cire wayar kwayil, wani ya taka totur har ƙasa yana murza makulli, kai kuma kana rubuta abin da kowace silinda ta ba ka. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 tsakanin silinda da 'yar'uwarta abin dubawa ne. Wadda ta yi ƙasa, ka zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin filogi, ka sake aunawa. In awon ya tashi, ringi ne suka cinye. In bai motsa ba, bawul ne ko gasket. In silinda biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Ka kuma saurari ƙasan injin. Bugu mai nauyi da ke ƙaruwa da gudu, tare da jar wutar mai da ke ƙyaftawa idan inji ya yi zafi, alama ce metal ta cinye. Wannan kam ba makawa sai an sauke.

Awo na biyu, aljihunka. Ka ɗauki biro da takarda ka shiga kasuwa kafin ka taɓa noti ko ɗaya. Ka rubuta kuɗin silib da fistin da ringi, metal, cikakken gasket, sarƙar taimin, famfon mai, famfon ruwa, farantin kuloci, ladan masu gyaran kiranshaf da tof silinda, baƙin mai na zubi biyu da matatarsa. Abin da ya taru, ka ƙara masa kashi ɗaya cikin uku, domin inji ba ya faɗin duk ciwonsa sai an buɗe shi. Sannan ka kwatanta da farashin injin Beljiyam. Na Beljiyam yana da sauri, amma ba ka san irin wahalar da ya sha ba kafin ya iso hannunka, kuma na 504 da za ka samu yau shi ma tsoho ne. Wanda ka tada da kanka ka san abin da ke cikinsa. Sai dai in kuɗin bai cika ba, ka bar motar a rufe har ya cika. Kada ka taɓa kuɗin cefane ko na makarantar yara saboda ƙarfe. Injin da aka buɗe aka rasa kuɗin ƙarasawa shi ne wanda damina ke tararwa a tsakar gida, notuna su watse, silinda ta yi tsatsa, daga ƙarshe a sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo.

Sai maganar wuri. Ka nemi ɗaki ko rumfa mai daɓen siminti wadda ake iya rufewa. In son samu ne, kada ka haɗa inji a fili lokacin hunturu, domin ƙurar da iska ke kawowa yashi ne mai laushi, kuma in ta shiga tsakanin metal da kiranshaf za ta ci su tun kafin ka kai bakin titi. Ka tanadi tebur mai ƙarfi, da tsummoki masu tsabta waɗanda ba sa zubar da zare, da haske isasshe.

A nan zan ja kunnenka, domin rai ya fi mota. Kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ko kan bulon siminti, domin bulo yana fashewa ba tare da gargaɗi ba. Ka sa mata ƙafafun ƙarfe ko kututturen icce mai kauri, ka tokare tayoyi. Ka fara cire wayar batir. Inji ba kayan da samari huɗu za su ɗaga da igiya da gora ba ne. Ka ɗauko hayar cen bulok da ƙafafunsa, kuma kada kowa ya sa hannu ko ƙafa a ƙarƙashin inji yana rataye. Kada ka wanke kaya da fetur a cikin gida. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya tarar da murhu ko janareta a ɗaya gefen tsakar gida. Ka yi amfani da kananzir ko man dizal, nesa da wuta. Tsohon baƙin mai ka zuba shi a jarka mai murfi, kada ya shiga kwata ko ya kusanci rijiya. Kananzir kuma kada a zuba shi a gorar ruwa ko ta lemo, yara suna ɗauka su sha. Ranar da za ka tada injin, a buɗaɗɗen wuri za ka yi, domin hayaƙin mota a rufaffen ɗaki yana kisa, gubar da ke cikinsa kuma ba ta da wari.

Wajen kwancewa, gaggawa aikin shaiɗan ce. Wayar da ke aljihunka ta fi ƙwaƙwalwarka riƙe abu, don haka ka ɗauki hoton kowace waya da kowane tiyo kafin ka cire. Notunan kowane sashe su shiga ledarsu da rubutu a jiki. Ka huda kwali ka jera bawul takwas da sandunansu bisa tsarin da suka fito. Kowane kwanrod da murfinsa a yi musu lamba, haka murafan kiranshaf, domin an gyara kowanne ne daidai da mazauninsa, in aka musanya su ko aka juya fuskarsu inji zai ɗaure. Ka kuma sani Faransawa daga wajen filaiwil suke fara ƙirga silinda, ba daga wajen fanka ba, kada littafi ya ce ta ɗaya kai kana kallon ta huɗu.

Akwai abu biyu da suka keɓanta da inji mai silib irin wannan. Na farko, idan ka kwance notunan tof silinda, kada ka ɗaga shi sama kai tsaye. Ka girgiza shi gefe da gefe har gasket ya saki, in ba haka ba zai taso da silib. Na biyu, da zarar tof ya sauka, kada ka juya kiranshaf sai ka danne silib ɗin da notuna da manyan wasa. In suka motsa, gasket ɗin gindinsu ya buɗe, ruwa zai riƙa zuba cikin baƙin mai. Ga wanda zai canza silib gaba ɗaya wannan ba damuwa ba ce, amma ga wanda tof kaɗai ya yi niyyar gyarawa, sakacin minti ɗaya zai mai da ƙaramin aiki babba.

Yanzu ka san iyakarka. Akwai aikin da ba a yi a gida, kuma ba abin kunya ba ne ka kai shi ga masu shi. Kiranshaf sai an auna shi da maikuromita a ga ko ya cinye ko ya daina zama da'ira. In ya cinye, masu injin wasa ƙarfe za su rage shi, su gaya maka girman metal da zai dace. Tof silinda na 504 na alminiyom ne, yana lanƙwasa idan ya sha zafi. A ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a auna, in ya karkace a goge fuskarsa, amma kaɗan, domin akwai iyakar da littafi ya sa. A duba shi ko ya tsage, a duba mazaunin bawul da hanyoyinsu. Ka tsaya a wurin lokacin da ake awon, ka roƙi a nuna maka lambar, ka rubuta ta. Mai sana'ar kirki ba ya jin haushin wannan.

Sai bayan wannan awo za ka sayi kaya. Wanda ya sayi metal kafin a auna kiranshaf ya sayi kintace. Ka tafi kasuwa da tsofaffin kayan a hannu, da lambar injin a takarda, kuma in da hali da dattijon da ya san kayan Fijo. Jabu ya yi yawa a ko'ina, har kwalinsa yakan fi na asali sheƙi. Silib da fistin da ringi a haɗe ake sayar da su, an daidaita kowane fistin da silib ɗinsa, don haka kada ka karɓi tsintuwa daga kwalaye daban-daban. Araha ba ta ado. Gasket na tof mai araha zai iya sa ka sake kwance duk abin da ka haɗa kafin wata uku. Kuma tunda inji yana ƙasa, ka canza farantin kuloci da robar mai ta bayan kiranshaf ko abin da ke madadinta, domin kai wa gare su nan gaba sai an sake raba inji da giya.

Kafin haɗawa, wanki. Duk abin da ya dawo daga wurin wasa yana ɗauke da garin ƙarfe a cikin ramukan mai. Ka bi kowane rami na kiranshaf da ɗan buroshi da kananzir, ka hura shi da iska. Ka wanke bulok da ruwan zafi da omo, ka busar da shi nan take, ka shafa masa mai kada ya yi tsatsa. Ka goga farin tsumma a cikin silinda. Muddin yana fitowa da baƙi, wanki bai ƙare ba. Ratar da ke tsakanin metal da kiranshaf a irin waɗannan injina tana kewayen 0.05 na milimita, wato ba ta kai kaurin gashin kanka ba, kuma a cikin wannan rata ce mai yake ɗauke da duk nauyin bugun inji. Ƙwayar yashi ɗaya ta fi ta girma.

Wajen haɗawa, ka nemi littafin gyaran motar, ko da kwafi ne, ka bi lambobinsa. Silib sai ya ɗan ɗara fuskar bulok da wani ƙayyadadden awo, kuma da siraran gasket na gindinsa masu kauri daban-daban ake daidaita wannan. In ya yi ƙasa, gasket na tof ba zai kama ba. Kowane ringi ka fara sa shi cikin silib shi kaɗai, ka auna ratar bakinsa, domin ƙarfe yana buɗewa da zafi, kuma ringin da bai da wurin miƙewa karyewa yake yi. Gefen da aka yi wa alama shi ke kallon sama, kuma bakunansu kada su jeru a layi ɗaya. Bayan metal a bushe yake zama, fuskarsa ce ake shafa wa mai. Duk murfin da ka ɗaure, ka juya kiranshaf da hannu. In ya yi tauri, tsaya a nan ka nemi dalili. Kada ka ce zai saki in ya yi aiki.

Za ka ji wasu suna cewa hannunsu ya san ɗauri. Mai shekara talatin a sana'a wataƙila ya kusanta, amma kai ka ari sifana mai ma'auni. Notunan tof daga tsakiya ake fara ɗaure su ana zagayowa waje, mataki-mataki, ba a kai kowanne ƙarshe a tashi ɗaya. Ka daidaita alamomin sarƙar taimin, sannan ka juya injin da hannu zagaye biyu cikakku ka ga alamomin da ke jikin giyoyin sarƙar sun dawo inda suke. Ratar bawul a sanyi ake sa ta, kuma a injin 504 da aka fi sani 0.10 na milimita ce ga na shigar mai, 0.25 ga na fitar hayaƙi, amma ka tabbatar da na injinka a littafi. Tsarin wutarsa 1-3-4-2 ne.

Ranar tashi, ka yi bismilla, amma kada ka ba shi wuta tukuna. Ka bar filogi a cire, ka murza sitata har jar wutar mai ta mutu, domin mai ya zagaya ko'ina. Sannan ka mayar da filogi ka tada shi. Idonka a kan wutar mai da allurar zafi, kunnenka a kan injin, wani kuma yana leƙen ƙasa ko akwai yoyo. In wutar mai ba ta mutu ba cikin 'yan daƙiƙu, kashe shi. Kada ka bar shi yana aiki a tsaye tsawon yini da sunan horo, domin ringi ba sa zama sai da ɗan nauyi. Ka hau titi, kana sauya gudu, ba ka cika totur ba, ba ka kuma ja shi a babbar giya yana shaƙewa ba. Kada ka yi mata lodin buhuna ko ka kama doguwar hanya a makon farko. Idan ta yi kamar kilomita 1,000, ka zubar da mai ka canza matata, ka sake ɗaure notunan tof injin yana sanyi, ka sake daidaita bawul.

Saura tambayar da aka fi mantawa: me ya kashe injin tun farko? Yawancin injinan da ake buɗewa a ƙasar nan zafi ne ya ci su, ko ƙura, ko daɗewar mai. In ka mayar da sabon aiki kan tsohon lagireto da ya toshe, abin da ya faru da shi zai maimaitu. Ka kai lagireto a wanke, ka canza tiyo da fanbel da murfin da ya saki. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishiri a hanyoyin ruwa, suna kuma cin alminiyom, don haka ka yi amfani da ruwan sanyaya inji mai magani. Al'adar cire tamostat da sunan ƙasarmu da zafi ba ta da amfani. Mai kyau yana buɗewa da kansa idan zafi ya kai, rashinsa kuma yana sa inji ya daɗe bai ɗau zafinsa ba, ya ƙara shan mai, ya ƙara cinyewa. Matatar iska kuwa, a ƙasar da ake hunturu, ita ce mai tsaron ringin da ka kashe wa kuɗi.

Abu na ƙarshe, ɗana, kada karatu da bidiyon intanet su sa ka raina masu baƙin hannu. Dattijon da ya yi rayuwarsa a gareji yana jin abin da littafi bai rubuta ba, kai kuma kana da lambobin da shi wataƙila bai taɓa gani a rubuce ba. Ka je masa da ladabi, ka ce "Baba, ina son ka duba mini kafin in rufe", ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ya tambaya ba. Ka kira shi sau biyu aƙalla: ranar da za a sa kiranshaf da silib, da ranar da za a tada. Ka jawo ƙannenka su riƙa miƙo sifana suna kallo, domin abin da suka gani zai amfane su. In ka gaji ko ranka ya ɓaci, ka rufe injin da tsumma ka tashi, noti ba ya karyewa sai a hannun mai fushi. In an kira salla ka ajiye, aikin zai jira ka.

Ka fara da ma'aunin kwamfireshan a wannan makon, ka rubuta lambobin nan huɗu, ka kawo mini mu duba tare kafin ka kwance komai. Allah ya yi maka jagora, ya tsare hannunka, ya sa motar ta amfani iyali.